Arlit: albashin uranium na ja da baya, wa zai kai wa ƙananan sitidiyo ciniki?

Bayan rufe COMINAK a 2021 da karɓe SOMAÏR da gwamnati ta yi a 2025, matasan da suka kafa ɗakunan ɗaukar waƙa a gidajensu a Arlit da Akokan suna fama da tambayar da ke damun kowane mai sana'a a garin: daga ina ciniki zai fito? Babban ɓangaren amsar yana hannun mai bidiyon buki, mai ƙunshi, mai gabatar da shiri a rediyo da mai turin waƙa a bakin tasha, in har an gyara maganar la'ada tsakaninsu.

A ranar 31 ga watan Maris na 2021 ne kamfanin COMINAK ya dakatar da haƙar uranium a ramin Akouta, bayan ya fitar da kimanin tan dubu 75 tun daga 1978. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila da ke ci a ƙarƙashin kamfanin. An yi ta lissafin abin da rufewar ta jawo wa ƴan kasuwa, masu gidajen haya da direbobi. Amma akwai rukunin da ba a cika sa shi cikin lissafin ba, wato masu kiɗa da masu ɗaukar sauti, waɗanda abincinsu ke fitowa daga bukin aure, suna da walima. Ma'aikacin da ke jiran albashi a ƙarshen wata shi ne ke iya sa a yi wa amaryarsa waƙa, ya ɗauko ƴan gita, ya yi hayar lasifika. Idan albashi ya tsaya, kiɗa na cikin abubuwan farko da ake sokewa daga lissafin buki.

Arlit gari ne da uranium ya haifa. An kafa SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ƙarfen a 1971, mutane kuma suka yi ta kwararowa daga Tawa, Maraɗi, Damagaram, Doso da ƙasashen maƙwabta. Wadatar wancan zamani ce ta sa aka yi wa garin laƙabin Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpaï, ɗan ƙasar Benin, ya sa wa fim ɗinsa na 2005 a kan yadda garin ya koma bayan faɗuwar farashin uranium. Ƙidayar 2012 ta ba wa ƙaramar hukumar Arlit mutum kusan dubu 80.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 al'amura suka ƙara sauyawa. Rufe iyaka da Benin ya toshe hanyar da uranium ke bi zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. A watan Yuni na 2024 aka janye wa kamfanin Orano lasisin Imouraren, a Disamba kamfanin ya ce ba shi da sauran iko a kan SOMAÏR, sannan a ranar 19 ga Yuni 2025 majalisar ministoci ta sanar da mayar da shi hannun ƙasa. Ko me mutum ke gani game da waɗannan matakai ta fuskar ƴancin ƙasa, mai ƙaramar sana'a a Arlit ya koyi cewa bai kamata ya jingina abincinsa da albashin kamfani guda ba.

Wata ƙofar ma ta rufe. Lokacin zaɓe shi ne kakar mawaƙa da masu sitidiyo, don kowane ɗan takara na son waƙarsa. Zaɓen ƙarshe an yi shi ne a Disamba 2020 da Fabrairu 2021. An dakatar da harkokin jam'iyyu bayan juyin mulki, aka kuma rusa su baki ɗaya a watan Maris na 2025.

Kaya sun samu, ciniki ya yi wuya

Kafa sitidiyo a ɗaki ba ya buƙatar jarin da yake buƙata shekaru ashirin da suka wuce. Kwamfuta ko da ta hannu ce, manhaja irin su FL Studio ko Cubase, ƙaramin akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, makirfo ɗaya mai kyau, piyano, lasifika biyu, sai katifu ko soso a bango don kashe amsa-kuwwa. Da waɗannan ana iya yin waƙar nanaye irin ta Kano, tallar shago, ƙasida ko karatun ɗaliban islamiyya.

Wahalar Arlit ta daban ce. Wutar garin na zuwa ne daga tashar kwal ta SONICHAR da ke kusa da Tchirozérine, wadda ke aiki tun 1981, kuma ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne ga mutanen jihar. Wanda ba shi da faranti mai aiki da hasken rana da batir zai iya rasa aikin yini guda cikin ƙiftawar ido. Ga zafi, wanda a bazara ke wuce digiri 40: makirfo mai kyau na ɗaukar ƙarar fanka, saboda haka dole a kashe ta lokacin ɗauka. Ga ƙura da ke cin kayan lantarki. Abin da ya lalace kuma sai an aika Agadas, mai nisan kilomita kusan 240 a kan hanyar da kowa ya san halinta, ko Yamai, ko Kano.

Duk da haka, waɗannan matsaloli kuɗi na maganinsu. Abin da kuɗi ba ya saye kai tsaye shi ne mutumin da zai ƙwanƙwasa ƙofa. Sitidiyon gida ba shi da allo a bakin titi, yana cikin lungu, bayan zaure. Uwar amarya ba za ta tura ƴarta gidan saurayin da ba ta sani ba don kawai ta ga hotonsa a Facebook ko TikTok. Sai wanda ta yarda da shi ya ce mata: je wurin wane, na san aikinsa, na san gidansu.

Yadda waƙar Abzin ta saba tafiya

Tarihin kiɗan jihar Agadas ya nuna cewa kusan duk wanda ya yi fice, wani ne ya miƙa shi ga wani. A shekarun 1990, lokacin tawaye, kaset ɗin Abdallah Oumbadougou na yawo ne a ɓoye daga hannu zuwa hannu. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 ya dawo gida, daga baya ya buɗe makarantar koyon kiɗa a Arlit da wata a Agadas. Ya rasu a farkon 2020.

Bombino ma kaset ne ya yi masa jagora. Wani mai shirya fim ɗan Amurka, Ron Wyman, ya ji shi a lokacin wata tafiya a yankin Agadas, ya bi sawunsa har Wagadugu inda yake gudun hijira. Daga nan aka samu faifan Agadez na 2011, sai Nomad na 2013 da Dan Auerbach ya ɗauka a Nashville, har ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin jerin masu neman kyautar Grammy.

Labarin Mdou Moctar ya fi kusa da masu ƙananan sitidiyo. A 2008 ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da salon gyaran murya na waƙoƙin fina-finan Hausa. Waƙoƙin suka bazu ta katin memwar da Bluetooth har arewacin Mali, inda Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, ya tsinci ɗaya daga cikinsu. Ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones na 2011, amma sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar, domin waƙoƙin da ke yawo a waya sau da yawa ba su ɗauke da cikakken suna, balle lambar waya. Yau duniya ta san Mdou Moctar. Kaɗan ne cikin masu saurarensa za su iya faɗin sunan ɗakin da aka yi wancan aiki na farko.

Etran de L'Aïr kuwa sun shafe shekaru fiye da ashirin suna kiɗan bukukuwa a unguwannin Agadas kafin faifansu na farko ya fita waje a 2018. A 2020, Sahel Sounds ya riƙa fitar da waƙoƙin da aka ɗauka da waya aka aiko ta WhatsApp, kowane wata da mawaƙinsa, kuɗin da aka samu a shafin Bandcamp kuma na mawaƙan ne. Etran ne suka buɗe jerin.

Sai dai ƙofar baƙi ta ƙuntata. Tun sace mutum bakwai masu alaƙa da Areva da Satom a Arlit a watan Satumba na 2010 da harin 23 ga Mayu 2013 a kan SOMAÏR, Turawa suka rage zuwa. An rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, an kuma sace wasu Turawa mata biyu a Agadas a 2025. Mai sitidiyon da ke zaune yana jiran wani Kirkley ya biyo ta lungunsu zai daɗe yana jira. Abin da ya rage a hannunsa shi ne mutanen garinsu da wayarsa.

Su wa ke riƙe da mai buki?

Kafin ango ko uwar amarya su yi tunanin waƙa, sun riga sun ga mutane da dama: tela, mai ƙunshi, mai kitso da kwalliya, mai buga katin gayyata, mai hayar kujeru da rumfa, mai bidiyo, mai lasifika. Kowanensu ya san ranar buki makonni kafin mai sitidiyo ya ji labari. Mai ƙunshi kuma tana shiga inda namiji ba ya shiga, tana zama da amarya da ƙawayenta awa da awanni. Kalmarta guda ta fi talla goma.

Mai bidiyo shi ne abokin da ya fi dacewa, don buƙatar ta kowane ɓangare ce. Shi yana da hoto, amma sautin da kyamara ke ɗauka a filin buki, cikin iska da ƙarar janareta, ba ya sauraruwa. Mai sitidiyo na iya jona na'urarsa da ta ƴan kiɗa ya ba shi sauti mai tsabta, ko ya yi waƙar da za a ɗora a kan hoton. Idan suka haɗa farashi guda, waƙa da bidiyo tare, mai buki ya huta da ciniki biyu.

Rediyo na biye. Gidajen rediyo masu zaman kansu da na al'umma suna rayuwa ne da sanarwa da talla, kuma mai shagon da ya zo ba da talla yakan zo da magana ce kawai, babu sauti. A nan Arlit na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: a unguwa guda ana samun mai Hausa, mai Tamajak, mai Zabarmanci, mai Fulatanci, mai Larabci da mai Faransanci. Sitidiyon da ya tanadi muryoyi a waɗannan harsuna zai iya karɓar aikin faɗakarwa na asibiti, na magajin gari ko na ƙungiyoyin da ke kula da baƙin hauren da ake korowa daga Aljeriya ta Assamaka.

Sai masu turin waƙa a kasuwa da bakin tasha, da direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Arlit, Agadas da wuraren haƙar zinariya irin su Tchibarakaten, inda aka fara tururuwa tun 2014. Kuɗin zinariya na cikin abin da ke riƙe da kasuwar garin yanzu, kuma mai haƙar da ya dace yakan dawo ya yi aure. Waƙar da ya ji a mota cikin sahara ita zai tambaya wa ya yi.

Akwai kuma malaman islamiyya masu walimar sauka, da masu bege da ƙasida. Wannan kasuwa tana da sharaɗinta: malami ba zai tura ɗalibansa ɗakin da aka sani da hayaniya da shaye-shaye ba. Wanda ke son cinikin ɓangarorin biyu sai ya ware ranaku, ya kuma kula da waɗanda ke zama a ƙofar gidansa.

La'ada: tsohuwar sana'a, sabon kaya

Tura ciniki don a samu wani abu ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa da Abzin. Dillali a kasuwar dabbobi, da fatoman da ke saukar da ayarin gishiri ya nemo masa mai saye, duk da la'ada suke ci. Abin da ya sa tsarin ya daɗe shi ne kowa ya san ƙa'ida: nawa ne, wa zai biya, yaushe, kuma dillali na tsayawa a kan abin da ya kawo. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Matsalar harkar waƙa ita ce yawanci ana barin maganar a kan "za mu gani" da "ai mu ɗaya ne". A ɗauki misali, don lissafi kawai: waƙar amarya a kan jika 25, la'ada kuma ɗaya cikin goma, wato jika biyu da rabi. Idan mutum guda aka biya, mai sitidiyo bai ji ciwo ba. Amma idan mai ƙunshi, mai bidiyo da abokin ango kowa ya ce shi ya kawo cinikin, jika bakwai da rabi sun tafi, kusan kashi ɗaya cikin uku, tun ba a cire kuɗin mawaƙi, na ƴan amshi da na wuta ba. Idan kuma ya hana su duka, ya yi maƙiya uku a rana ɗaya.

Maganin ba shi da tsada. A tambayi mai ciniki tun ranar farko wa ya turo shi, a rubuta sunan a littafi a gabansa. La'ada guda ce ga kowane aiki. Ana biyanta ne bayan mai aiki ya cika kuɗi, kuma a biya a ranar, ko da ta NITA ko Amana ce idan mutumin ya yi nisa. Farashin da aka faɗa wa wanda aka turo ya zama daidai da na wanda ya zo da ƙafarsa. A garin da kowa ke shan shayi a fadar wani, ɓoyayyen ƙari ba ya kwana biyu bai fito ba, kuma ranar da ya fito mai turowa da mai sitidiyo duka sun zubar da mutuncinsu.

Ba dole ne kullum a biya da kuɗi ba. Sitidiyo na iya yi wa gidan rediyo kiɗan buɗe shiri, shi kuma a riƙa ambaton sunansa. Yana iya yi wa mai gyaran faranti da batir talla a madadin gyara. Sharaɗin shi ne a ƙiyasta kowane aiki da kuɗi tun farko, don kada wani ya wayi gari yana ganin an ci da guminsa.

Turawar kuma tana tafiya ta ɓangare biyu. Akwatin sauti mai ƙofa biyu ya isa waƙar piyano da murya, amma ba zai ɗauki ƙungiyar gita mai ganguna, gita uku da ƴan amshi a lokaci guda yadda ya kamata ba. Mai gaskiya zai tura irin wannan aiki inda ake da kayan, a Agadas ko Yamai, ya karɓi la'adarsa, su kuma su turo masa abin da ya fi ƙarfin lokacinsu. Haka ma tace sauti: ana iya ɗauka a Akokan a aika wa gwani a Kano. Sai dai a aika fayil ɗin a matsayin takarda, domin idan aka tura shi a WhatsApp kamar saƙon murya, manhajar na matse shi ya rasa inganci.

Inda ƙawancen ke ɓaci

Haɗari na farko shi ne wanda garin kansa ya faɗa ciki: dogaro da ƙofa guda. Sitidiyon da rabin cinikinsa ke zuwa daga mai bidiyo ɗaya ya zama yaronsa ko bai sani ba. Ranar da suka saɓa, ko mai bidiyon ya sayi makirfo nasa, ko ya tafi Tamanrasat, ɗakin ya mutu. Littafin da ake rubuta masu turowa shi zai nuna wannan tun da wuri.

Na biyu shi ne fitar waƙa kafin lokaci. Mai turi na da amfani wajen yaɗa suna, amma waƙar amarya da ta shiga kasuwa kafin ranar buki ta zama abin faɗa. Kada a ba kowa aiki sai mai shi ya karɓa ya kuma yarda a yaɗa.

Na uku shi ne mallaka. Nijar na da hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, tun 1995, da kuma dokar 23 ga Disamba 2010 da ta tanadi haƙƙin marubucin waƙa, mai rerawa da mai ɗaukar sauti. Amma doka ba ta aiki a kan abin da ba a rubuta ba. Takarda guda mai ɗauke da sunan wanda ya yi baiti, wanda ya yi kiɗa, wanda ya biya da abin da aka yarda a yi da waƙar ta isa ta raba gardama ranar da waƙar ta yi kuɗi a YouTube ko wani kamfanin waje ya nema. Darasin Anar kuma a bayyane yake: sunan mawaƙi, sunan sitidiyo da lambar waya su kasance a jikin sunan fayil, a kuma ambace su cikin sautin kansa, domin sunan fayil na iya canzawa a hannun mai turi na uku.

Abin da hukumomi za su iya

Ba sai an jira babban shiri daga Yamai ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu, ko da yake an daɗe ana kukan jinkirin biyansu. Ko ba da wannan ba, ofishin magajin gari, asibitin gunduma, SOMAÏR da ke hannun ƙasa yanzu da kamfanin SOMIDA mai aikin Dasa duk suna da saƙonnin da suke son jama'a su ji, a kan rigakafi, tsabtar ruwa, haɗarin ƙarafan da suka fito daga ma'adinai ko ɗaukar ma'aikata. Duk saƙon da aka ɗauka a Arlit maimakon a kawo shi a shirye daga babban birni, kuɗi ne da ya tsaya a garin.

Hakan na buƙatar masu sitidiyon su ma su fito fili: su yi rajista, su samu lambar haraji da za ta ba su damar ba da rasit, su haɗa jerin sunayensu da irin aikin da kowa ya iya, su ajiye shi a gidan matasa da gidajen rediyo. Bukin Bianou a Agadas, na Cure salée a Ingal da na Abzin a Iférouane wurare ne da masu kiɗa, masu bidiyo da ƴan rediyo na jihar ke haɗuwa a fili guda. Mai sitidiyon da ya je can da waƙoƙi uku masu kyau a waya, da farashinsa da ƙa'idar la'adarsa a rubuce, zai dawo Arlit da lambobin mutanen da za su iya turo masa aiki kafin kakar bukukuwan da ke biyo bayan salla.